Mai Ɗaki da Mai Awo: Maganar Wa Za a Ɗauka?

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne kuma suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wanda ya zauna ya auna waɗannan maganganu guda biyu zai ga kamar suna karo da juna. Ta farko tana nuna cewa wanda ke cikin abu ya fi kowa saninsa, ta biyu kuwa tana nuna cewa kusanci kan makantar da mutum ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. To, wace ce za mu riƙe?

Wannan ba tambayar hirar dandali ba ce kawai. Ita ce ta raba kawunan masu binciken harkar ilmi a ƙasar Amurka shekara da shekaru, kuma ta shafe mu mu marubuta, tunda sana'armu ita ce ba da labarin mutane, sau da yawa ba tare da mun nemi izininsu ba. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala shi ne: idan ana son sanin halin da 'ya'yan wata al'umma ke ciki a makaranta, maganar wa ta fi cancanta a ɗauka? Ta baƙon masani da ya zo da ma'auninsa da alƙalumansa, ko ta 'yar gida da ta tashi a wurin, ta san zafinsa da sanyinsa? Zan kafa hujja da abin da ya auku tsakanin Amurkawa 'yan asalin Meksiko, musamman matansu masu bincike, domin suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan wannan batu.

Su wane ne waɗannan mutane?

A shekarar 1848, bayan yaƙin da aka gwabza tsakanin Amurka da Meksiko, aka ƙulla yarjejeniyar Gwadalupe Hidalgo, inda Meksiko ta sallama kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya da Sabuwar Meksiko da mafi yawan Arizona. Mutanen da ke zaune a waɗannan wurare sun kwana 'yan Meksiko, suka wayi gari 'yan Amurka, da harshensu na Sifaniyanci da al'adunsu. Daga baya wasu da yawa suka yi ta ƙetarowa don aikin gona da na layin dogo. A wajajen 1960 zuwa 1970, matasansu masu gwagwarmaya suka ɗauki wata kalma da a da ake yi musu gori da ita, suka mai da ita sunan alfahari: namiji Cikano, mace Cikana.

Zaman 'ya'yansu a makaranta bai zo da sauƙi ba. A wurare da dama an ware musu makarantu dabam da na Turawa, har sai da wasu iyaye a Kalifoniya suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan iyalin Mendez, kotu ta ba su gaskiya a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947. Wannan ya riga shahararren hukuncin 1954 da ya haramta ware 'ya'yan baƙar fata. To amma rushe katangar makaranta abu ɗaya ne, rushe katangar da ke cikin zukatan masana wani abu ne dabam.

Ranar da mudu ya auna abin da ba a sa shi ba

A 1916, Lewis Terman na Jami'ar Stanford, wanda ya yi suna wajen tsara jarrabawar auna kaifin basira, ya rubuta cewa daƙiƙanci ya yi yawa a cikin iyalan 'yan Meksiko da na baƙar fata, yana ganin a jininsu yake, ya kuma ba da shawarar a keɓe 'ya'yansu a azuzuwa na musamman. Mutumin bai ɗauki kansa a matsayin mai ƙiyayya ba. A ganinsa shi mai awo ne, abin da mudu ya nuna kawai yake faɗa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya da ƙarfi suka ce akwai gyara shi ne George Sánchez, ɗan Sabuwar Meksiko, wanda ya koyar a makarantun karkara kafin ya zama shaihin malami. A rubuce-rubucensa na 1932 da 1934 ya nuna cewa makin yaran kan tashi idan aka sake jarraba su bayan sun ƙara gogewa da karatun Ingilishi. In da basirar haihuwa ake aunawa, yaya za ta ƙaru cikin 'yan watanni? Ashe Ingilishin yaran ake aunawa, ana kiransa basira. Maganar Sánchez ba ta hana a ci gaba ba. Sai a 1970, a wata shari'a da aka sani da sunan wata yarinya Diana, aka kawo batun yara 9 'ya'yan ma'aikatan gona a Kalifoniya da aka jefa ajin masu raunin ƙwaƙwalwa bisa jarrabawar Ingilishi. Da aka sake jarraba su da harshen da suke ji, mafi yawansu suka haye makin da aka yanke. Aka yi sulhu a kan cewa daga yanzu za a jarraba yaro da harshensa.

Mai karatu ya lura da abu guda a nan. Lissafin Terman ba shi ne ya karkace ba, tambayarsa ce ta karkace tun daga tushe. Abin da ya sa Sánchez ya gano haka kuwa shi ne ya taɓa tsayawa a gaban irin waɗannan yara, ya san yaron da ya yi shiru a gaban takarda shi ne mai zuba zance kamar kanari da zarar an fita tara. Mai ɗaki ke nan.

Yadda ra'in ya taso

Daga irin wannan tarihi ne wasu malaman shari'a suka gina abin da za mu iya kira ra'in bin diddigin wariyar launin fata. Jigonsa shi ne wariya ba a zuciyar mugun mutum kaɗai take ba, takan ɓuya a cikin dokoki da ƙa'idoji da ma'aunai masu kamar ba ruwansu da kowa. Derrick Bell ya kawo hujja a 1980 cewa baƙar fata kan sami sauƙi ne a lokacin da bukatarsu ta dace da ta masu mulki. Kimberlé Crenshaw kuwa a 1989 ta ja hankali ga wata shari'a ta 1976, inda mata baƙar fata su 5 suka yi ƙarar kamfanin General Motors bayan an sallame su daga aiki. Kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙorafin launi da na jinsi wuri guda, ta ce a zo da ɗaya ko ɗaya. Crenshaw ta ce ai a mahaɗar hanyoyin biyu aka banke su, wanda ya duba hanya ɗaya kawai ba zai ga hatsarin ba. A wannan shekara Richard Delgado ya yi kira da a ba labaran waɗanda aka danne muhalli a cikin nazarin shari'a.

Gloria Ladson-Billings da William Tate ne suka shigo da ra'in fagen nazarin ilmi a 1995. A 2002 Daniel Solórzano da Tara Yosso suka shimfiɗa shi a matsayin hanyar bincike, suka ba da ƙarfi ga abin da zan kira kishiyar labari, wato labarin da na ƙasa ke bayarwa don ya ƙalubalanci wanda aka saba ji daga na sama. Yosso ta ƙara a 2005 da cewa masu bincike sun daɗe suna tambayar me yaran talakawa suka rasa, ba su tambayi me suka zo da shi ba. Ta lissafa irin jari guda 6 da al'umma kan ba 'ya'yanta: buri, harshe, dangi, hulɗa da jama'a, iya bi ta lungunan hukuma, da turjiya ga zalunci. Alal misali, yarinya 'yar shekara goma da ke yi wa uwarta tafinta a asibiti ta mallaki gwanintar da babu jarrabawar da ke ba ta maki.

Mata takwas da tarihi ya tsallake

A watan Maris na 1968, ɗalibai fiye da 10,000 suka fice daga makarantun sakandare na gabashin Los Angeles, irin su Garfield da Roosevelt da Lincoln da Wilson, suna neman a koyar da harsuna biyu, a saka tarihinsu a manhaja, a ƙara malamai 'yan uwansu, a daina tura su koyon sana'ar hannu alhali suna son jami'a. Hukuma ta gurfanar da mutum 13 bisa zargin haɗa baki, ciki har da malamin nan Sal Castro, kuma dukansu maza ne. Da aka zo rubuta tarihi, sai sunayen maza suka cika shi.

Dolores Delgado Bernal, 'yar Cikana mai binciken ilmi, ta nemo mata 8 da suka shiga wannan bore ta ɗauki tarihinsu daga bakinsu. Ta gano cewa in aka ce shugaba shi ne mai riƙe da muƙami ko mai magana a gaban 'yan jarida, to, yawancin aikin matan zai ɓace. Amma in aka lissafa shirya taro, da ƙulla zumunci tsakanin makarantu da iyaye, da wayar da kai ta hanyar rubutu a jaridun unguwa, sai a ga su ne ƙashin bayan tafiyar. Ba ta tsaya nan ba. Bayan ta gama hira da kowacce, ta tara su wuri guda, ta shimfiɗa musu abin da ta fahimta, suka tattauna, suka gyara mata. Waɗanda ake bincike a kansu suka zama abokan nazari.

A 1998 ta bayyana hanyar tata a mujallar nazarin ilmi ta Jami'ar Harvard, tana bin sawun marubuciya Gloria Anzaldúa, wadda littafinta na 1987 ya yi magana a kan rayuwar mai zaune a kan iyakar harsuna biyu da al'adu biyu. Delgado Bernal ta ce mai bincike 'yar gida tana da wata basira ta musamman, mu ce basirar 'yar gida, mai tushe huɗu: abin da ta gani a rayuwarta tare da abin da ta gada daga bakin iyaye da kakanni, abin da ta karanta, gogewar aikinta, da kuma shi kansa zaman nazarin abin da ta tattara. A kula, uku daga cikin huɗun nan ba a haifar mutum da su, sai ya yi gumi.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau, cikin gida ya fi ƙarfinsa, don namiji baƙo iyakarsa zaure. Matarsa Mary ce ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta tarihinta, aka buga a 1954. Abin da tsohuwar nan ta faɗa game da aure da kishi da ƙawance da zamanin harin bayi, da an tsaya ga mazan zaure da ba a same shi ba. Duk da haka sunan Baturiyar ne a bangon littafin a matsayin marubuciya. Irin wannan rabo, na wani da magana wani da suna, shi ne matan Cikana suka ce ba su yarda a ci gaba da shi ba.

Inda gizo ke saƙar

To amma adalci ya sa mu saurari masu suka, don ba dukansu ne maƙiya ba. Randall Kennedy, baƙar fata ne kuma malamin shari'a a Harvard, ya yi tambaya a 1989: shin launin fatar masani shi ke ba maganarsa nauyi, ko hujjar da ya kawo? Daniel Farber da Suzanna Sherry a littafinsu na 1997 suka ce labari yana da daɗin ji, amma ta yaya za a san na mutum ɗaya ne ko na dubu, kuma ta yaya za a ƙaryata shi ba tare da an zargi mai ƙaryatawa da ƙiyayya ba? Wannan tambaya tana da nauyi. Hujjar da ba a yarda a taɓa ta ba ta tashi daga ilmi ta koma umarni.

Ga misali mai ɗaci. A 1983 aka buga shaidar Rigoberta Menchú, 'yar ƙabilar Maya ta ƙasar Gwatemala, a kan kisan da sojoji suka yi wa mutanenta, ta kuma sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992. Littafin nata na cikin waɗanda suka sa masu bincike suka rungumi salon shaida, wanda suke kira testimoniyo. A 1999 wani masani, David Stoll, ya fito da sakamakon bincikensa cewa wasu abubuwa da ta ce ta gani da idonta ba ta kasance a wurin ba, kuma rikicin filin mahaifinta yawancinsa da surukansa ne. A wannan shekara dai hukumar bin ba'asi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta bayyana cewa kimanin mutum 200,000 aka kashe ko suka ɓace a yaƙin basasar ƙasar, kashi 93 cikin 100 na ta'asar kuma dakarun gwamnati da 'yan korensu ne suka aikata. Ke nan babbar maganarta gaskiya ce. Amma 'yan ƙananan wuraren da ta haɗa abin da ya sami wasu da abin da ya same ta sun ba masu son musanta komai sandar duka. Wa ya yi asara? Matattun da take magana dominsu.

Suka ta uku daga cikin gida ta fito, kuma ita ta fi burge ni. Sofia Villenas ta rubuta a 1996 yadda ta je bincike tsakanin iyaye mata masu jin Sifaniyanci a wani ƙaramin gari a jihar Karolina ta Arewa. Jami'an garin suka karɓe ta hannu biyu a matsayin 'yar jami'a, suka riƙa yi mata maganar mutanenta kamar matsala ce da za a magance, ita kuma ta sami kanta tana biye musu. Ta gane cewa ita wadda aka danne ce, kuma da takardar jami'a a hannunta tana iya zama mai dannewa. Ashe wadda ta bar ɗaki ta tafi jami'a ta dawo, ba mai ɗaki ba ce zalla. Ta zama rabi mai ɗaki rabi mai awo, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Darasin Tucson

Abin da ya faru a birnin Tucson na jihar Arizona shi ya warware mini ƙullin. Makarantun birnin suna da shirin koyar da tarihi da adabin Amurkawa 'yan asalin Meksiko. A 2010 majalisar jiha ta yi dokar da aka nufi shirin da ita, a 2012 aka rufe shi, aka kwashe littattafai daga azuzuwa. Ɗalibai sun yi ta ba da shaida cewa shirin ne ya sa suka ga amfanin makaranta, masu mulki suka ce zancen yara ne da aka zuga. Binciken da jihar da kanta ta sa aka yi a 2011 bai sami shirin da laifi ba, jami'ai suka yi watsi da shi. Sai Nolan Cabrera da abokan aikinsa suka ɗauko bayanan ɗalibai na hukumar makarantun, suka yi musu lissafi, suka buga a 2014 cewa waɗanda suka shiga shirin sun fi samun damar cin jarrabawar jiha da kammala sakandare. A 2017 alƙali Wallace Tashima ya yanke hukunci cewa ƙiyayyar launi ce ta sa aka kafa dokar aka kuma zartar da ita.

Da ba don shaidar yaran ba, da babu wanda zai san abin da za a ƙidaya. Da ba don ƙidayar ba, da shaidar ta tsaya a matsayin kukan da aka ji aka wuce. Mai ɗaki ya nuna wurin, mai awo ya hau ya tabbatar. Rigimar dai ba ta mutu ba, domin daga 2021 jihohin Amurka da dama sun yi dokokin taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata a makarantu.

Abin da na gani

A nawa ɗan tunanin, karin maganar nan biyu da muka fara da su ba kishiyoyi ba ne, kowace da wurin da take aiki. Zama ɗan gida yana ba mutum fifiko wajen sanin tambayar da ta dace, da gane shirun da baƙo zai ɗauka wauta ce, da samun shiga inda aka rubuta ba shiga. Wannan fifiko na gaske ne, wanda ya raina shi zai maimaita kuskuren Terman. Amma ba ya ba mutum ikon yanke hukunci shi kaɗai. Mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗigo masa, sai dai sau da yawa inda yake ɗigowa dabam, inda rufin ya tsage dabam. Wannan kuwa sai an hau sama an duba, kuma sai an yarda wani ya hau bayanka ya ga ko ka duba daidai.

Saboda haka alhakin ya hau kan ɓangarorin biyu. Baƙo mai awo ya faɗi inda yake tsaye, ya daina yin kamar daga sama ya faɗo ba shi da gari, ya kuma tambayi masu ɗaki kafin ya zaɓi mudunsa. 'Yar gida kuwa ta riƙe amanar mutanenta ta hanyar da ta fi wuya, wato ta faɗi abin da ta gani a matsayin gani, abin da ta ji a matsayin ji, ta rubuta har abin da ba ya yi wa ɓangarenta daɗi. Ni a wurina mafi darajar abin da Delgado Bernal ta yi ba cewa da ta yi tana da basirar 'yar gida ba ne. Komawar da ta yi wurin matan nan takwas ta ba su damar su ce mata ta yi kuskure, shi ne. Wanda ya tabbata ya san komai don shi ɗan gida ne, ba zai yi wannan tafiya ta biyu ba.

Mu ma da muke riƙe da alƙalami, duk ranar da muka ɗauki almajiri ko bazawara ko 'yar talla muka saka a littafi, sai mu tambayi kanmu: mun zauna da su, ko daga zaure muka hango? In kuma mun zauna, za mu iya komawa mu karanta musu abin da muka rubuta muna kallon idonsu? An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ne. Amma wanda ya ari waƙar wani zai rera a kasuwa, wajibi ne ya fara rera ta a gaban mai ita.